Motar lantarki: ka saya yanzu ko ka jira wadda za a yi wa kwaskwarima?

Da zarar an fara raɗe-raɗin cewa kamfani zai sabunta wata motar lantarki, sai mai niyyar saye ya rasa tudun dafawa. In ya biya yau, yana tsoron nan da wata uku a fito da wadda ta fi tasa a kan kuɗi ɗaya. In ya ce zai jira, ba wanda ya ba shi rana. Mafita ita ce ka ɗauki takarda ka rubuta duk abin da ake cewa zai canza, sannan ka yi wa kowanne tambaya guda: wannan abu ne da za a iya turo wa mota ta intanet, ko kuwa ƙarfe ne da sai a masana'anta ake ɗora shi? Wanda ake turowa ba a jiransa. Wanda yake ƙarfe ma, sai in ya taɓa yadda kake amfani da mota yau da gobe.

Fara da auna nauyin labarin

Hoton mota lulluɓe da baƙin ƙyalle ana gwada ta a kan hanya yana nuna cewa aiki na tafiya, amma ba ya faɗin lokaci. Akan ga irin wannan hoto shekara guda ko fiye kafin a fara sayarwa. Takardun hukuma sun fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. A China, ma'aikatar masana'antu da fasahar sadarwa tana wallafa hotuna da bayanan sababbin motoci kafin su shiga kasuwa, har da tsawo da nauyi da ƙarfin inji da irin batirin. A Amurka kuma hukumar kare muhalli, EPA, ce ke tabbatar da alƙaluman nisan da mota ke iya tafiya da caji ɗaya. Motar da ta bayyana a irin waɗannan takardu, watanni ne suka rage mata. Kasuwa ma tana tona asiri: idan ka ga kamfani yana zabga rangwame a kan motocin da ke ajiye, ko ya daina karɓar odar wasu launuka, to yana share fili ne.

Labarin Model Y ta Tesla ya isa darasi. Tun farkon 2023 aka fara maganar sabuntawar da ake yi wa laƙabi da Juniper. A 2024 Elon Musk ya fito ya ce ba za ta zo a wannan shekarar ba. Sai a Janairun 2025 aka nuna ta a China. Wanda ya ajiye kuɗinsa tun ranar da ya fara jin labarin ya yi zaman jiran kusan shekara biyu. Kuma fitowa a wata kasuwa ba ita ce fitowa a taka ba: sabuwar Model 3 ta bayyana a Turai da China a Satumban 2023, amma ba ta isa Arewacin Amurka ba sai Janairun 2024. Saboda haka, in babu ranar da kamfani ya sanar da bakinsa, kai ka yanka wa kanka wa'adi, wata uku ko huɗu, in ya cika ka sayi abin da ke ƙasa.

Abin da ke zuwa ta iska da abin da ba ya zuwa

Sabon tsarin allo, taswira, yadda mota ke tsara tashoshin caji a doguwar tafiya, ƙananan gyare-gyaren yadda birki ke mayar da wuta cikin batir, duk waɗannan manhaja ce. Yawancin motocin zamani suna karɓar su cikin dare suna ajiye. Sai dai ka binciki tarihin kamfanin: akwai masu turo sabuntawa a kai a kai shekara da shekaru, akwai kuma waɗanda da sabon samfuri ya fito sai su manta da tsohon.

Abubuwan da ba sa zuwa ta iska, wato ta intanet, su ne batir, bakin caji, ƙarfin cajar da ke cikin motar, kwamfutar tuƙi da kyamarorinta, famfon zafi mai ɗumama cikin mota, shokazoba, gilasan da ke rage ƙara, da kujeru. A cikinsu kwamfuta ce mutane suka fi rainawa, alhali ita ce ke yanke iyakar manhajar da motar za ta iya ɗauka nan gaba. Tesla ta fara sa kwamfutar tuƙi ta ƙarni na huɗu a motocinta a 2023, tare da sababbin kyamarori, kuma tun daga nan sababbin nau'o'in manhajar tuƙi suka riƙa fara isa ga masu ita kafin masu ta uku. Idan taimakon tuƙi na cikin dalilanka na saye, canjin kwamfuta ya cancanci jira. Idan kai kake riƙe sitiyarinka ko da yaushe, wuce shi.

Lissafin batir

A nan ne talla ta fi ruɗar mutane, don haka sai a zauna a yi lissafi. Ɗauki Hyundai Ioniq 5. A kwaskwarimar da aka yi mata a 2024, babban batirin ya tashi daga 77.4 kWh (ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka) zuwa 84 kWh, ƙaramin kuma daga 58 zuwa 63. Ƙarin babban ke nan 6.6 kWh. Idan mota tana cin 18 kWh a kowane kilomita 100, wannan ƙarin bai wuce kilomita 37 ba. Ga mai zirga-zirgar kilomita 50 a rana wanda yake caji a gida, kilomita 37 ba za su canza masa komai ba. Ga mai bin wata doguwar hanya duk mako, inda yake isa tashar caji batir na kashi 5 cikin ɗari gabansa na faɗuwa, su ne bambancin isa da tsayawa a hanya.

Ga yadda za ka san inda ka faɗa. Rubuta tafiya mafi nisa da kake yi aƙalla sau ɗaya a wata ba tare da damar caji ba. Ɗauki nisan da aka tallata, ka duba da wane ma'auni aka auna shi: CLTC na China ya fi kowanne kumbura lamba, WLTP na Turai na biye, na EPA ya fi kusa da gaskiya. Daga nan ka fara ragewa. Gudu a babbar hanya yana cin wuta sosai, domin turjiyar iska tana ƙaruwa ne ninki huɗu duk lokacin da gudu ya ninka biyu. Sanyi mai tsanani yana ragewa, haka kunna hita. Sannan a doguwar tafiya ba a amfani da batir daga 100 zuwa sifili. Tsakanin kashi 80 da kashi 10 ake yawo, wato kashi 70 kacal. Ƙara da cewa batir na raguwa da shekaru. Idan bayan duk wannan ragin motar da ke kasuwa yau ta kai ka inda za ka, batirin da ke tafe ba dalilin jira ba ne.

Irin sinadarin batirin ya fi girmansa muhimmanci ga wasu. Batirin LFP, mai sinadarin litiyam da ƙarfe da fosfet, ba shi da nikel da kobalt, ya fi araha, yana jure yawan caji, kuma ana iya cika shi taf. Hasali ma ana so a cika shi zuwa 100 lokaci-lokaci, Tesla tana cewa aƙalla sau ɗaya a mako, domin ƙarfin wutarsa kusan ba ya sauyawa tsakanin cike da rabi, sai kwamfutar batirin ta rikice wajen ƙiyasta abin da ya rage in ba a daidaita mata ba. Rauninsa nauyi, da kuma kasala a sanyi. Batirin NMC, mai nikel da manganis da kobalt, ya fi ɗaukar wuta a nauyi ɗaya, amma ana shawartar a tsaya a kashi 80 a cajin yau da kullum. Ka ga ke nan LFP mai 60 kWh da ake cikawa taf da NMC mai 75 kWh da ake tsayarwa a kashi 80, da safe duk 60 kWh suke fita da shi. Idan jita-jita ta ce za a sauya sinadari, ka tambayi daga wanne zuwa wanne, domin wani lokaci don rage tsadar ƙira ake yi.

Saurin caji kuma, kada lambar kilowat mafi girma ta ɗauke maka hankali. Mota na iya kai kilowat 250 na minti uku ta faɗo. Abin dubawa shi ne mintunan da take ɗauka daga kashi 10 zuwa 80. Ioniq 5 da Kia EV6, masu tsarin bolt 800, suna yin wannan cikin kamar minti 18 a kan caja mai kilowat 350, in batirin yana da ɗumin da ya dace. Amma in tashoshin da ke hanyarka masu kilowat 50 ne, duk wannan ƙwazon a takarda zai tsaya.

Bakin caji

Wannan ne abu ɗaya da kusan ko da yaushe ya cancanci a dakata a yi tunani. Kowace kasuwa da irin bakin da ake sa wa mota waya: Turai tana kan CCS2, China tana kan GB/T, Japan ta daɗe a kan CHAdeMO. A Arewacin Amurka ne aka yi juyi: a Mayun 2023 Ford ta sanar za ta koma bakin cajin Tesla, wato NACS, General Motors ta bi a Yuni, sauran suka yi ta biyowa. Ioniq 5 ta 2025 da ake sayarwa a Amurka ta zo da bakin NACS daga masana'anta. Masu tsohon baki na CCS1 suna amfani da adafta, kuma yana aiki, sai dai ƙarin kaya ne da za a iya mantawa a gida ko ya lalace.

Akwai wani tarko a nan. Yawancin tashoshin cajin Tesla, wato Supercharger, an gina su ne don motoci masu tsarin bolt 400, saboda haka mota mai bolt 800 tana yin jinkiri a kansu. Ioniq 5 ta 2025 da ke kaiwa kashi 80 cikin kamar minti 20 a caja mai ƙarfi takan kai kusan rabin awa a can. Sabon baki ya buɗe tashoshi da yawa, bai ƙara sauri ba.

Nissan Leaf ta nuna abin da ke faruwa idan aka sayi mota mai bakin da kasuwa ke bari. Ƙarni na farko na 2010 da na biyu na 2017 sun zo da CHAdeMO, kuma batirinsu ba shi da sanyaya ta ruwa, abin da ya sa caji mai sauri a jere yake ja baya idan batir ya ɗau zafi. Ƙarni na uku na 2025 ya sauya duka biyun a Amurka da Turai. Irin wannan sauyi shi ne wanda jiransa ke biya.

Famfon zafi kuwa ya danganta da yanayi. Hita ta gargajiya tana mayar da kilowat ɗaya na lantarki zuwa kilowat ɗaya na zafi. Famfon zafi yana aiki kamar firji da aka juya, yana jawo ɗumi daga iskar waje da jikin inji, sai ya ba da ninki biyu ko uku a matsakaicin sanyi. Model 3 ta samu shi a ƙarshen 2020. Mai zama inda ake dogon hunturu ya jira shi. Mai zama a wuri mai zafi ya bar shi, ya mai da hankali kan yadda ake sanyaya batirin.

Sabuntawa tana ɗauka kamar yadda take bayarwa

Mutane sukan ɗauka sabon samfuri tsohon ne da ƙari. Sau da yawa akwai abin da aka cire. A Mayun 2021 Tesla ta daina sa rada a Model 3 da Model Y na Arewacin Amurka. A Oktoban 2022 ta cire na'urorin jin kusanci da ke jikin bamba, waɗanda suka sayi motar a lokacin suka yi watanni ba su da ma'aunin tazara wajen fakin, kafin a turo madadinsa mai aiki da kyamara. Sabuwar Model 3 ta 2023 ta zo da kujeru masu hura iska, ƙaramin allo a baya, da tafiya mai laushi, amma babu sandar sigina. Maɓallai ne a kan sitiyari. Gwada kunna sigina a shataletale sitiyari yana juye ƙasa-sama, za ka gane abin da ya sa masu motar suka yi ta ƙorafi. Sabuwar Model Y ta riƙe sandarta, kuma a 2025 an dawo da ita a Model 3 a wasu kasuwanni. A ɗaya ɓangaren, Hyundai ta saurari masu Ioniq 5 ta ƙara waifa a gilashin baya da wasu maɓallai na zahiri. Don haka a takardarka ka buɗe layi na musamman: me za a cire?

Sai batun rukunin farko. Motocin watannin farko su ne layin ƙira ke koyon aiki a kansu. Volkswagen ID.3 ta fara isa hannun masu saye a 2020 wasu ayyukan manhajarta ba su kammala ba, sai daga baya aka ɗora su. Wata matsalar ma ba ta bayyana sai an yi shekaru: General Motors ta yi wa duk Chevrolet Bolt na 2017 zuwa 2022 kiranye saboda lahanin ƙira a ƙwayoyin batir da ke iya tayar da gobara, Hyundai da Kia kuma suka yi kiranye a 2024 kan na'urar ICCU da ke cajin ƙaramin batir mai bolt 12. Motar da ta shekara uku ana ƙera ta an san cututtukanta, an san maganinsu, kayan gyaranta suna samuwa. Sabuwar fitila ko bamba ta samfurin da ya fito jiya na iya sa mota zaman makonni a gareji bayan ɗan ƙaramin karo. Idan ka yanke jira, ƙara wata uku zuwa shida a kan ranar fitowa, ka bar masu zumuɗi su fara ɗanɗanawa.

Kuɗin jira

Jira ba kyauta ba ne, kuma ana iya lissafa shi. A ce kana yin kilomita 1,500 a wata da motar fetur mai shan lita 8 a kilomita 100: lita 120 ke nan. Motar lantarki mai cin 18 kWh za ta buƙaci 270 kWh, in ka haɗa da abin da ke ɓacewa wajen caji ka ce 300. Ninka kowanne da farashinsa a inda kake, ka cire wannan daga wancan, ka ƙara kuɗin sabis da gyaran da tsohuwar motar za ta ci, da faɗuwar darajarta a kowane wata. Abin da ya fito ka ninka shi da watannin jira, har da watannin da muka ce a ƙara.

Ka ajiye wannan lamba kusa da rangwamen da ake yi a kan samfuri mai ƙarewa. Sabo yakan fara ne da nau'i mai tsada. Model Y ta 2025 ta fara da wani rukuni na musamman cike da kayan ƙari, masu araha suka biyo daga baya. Tallafin gwamnati ma ba ya jiran kowa: Jamus ta tsayar da nata kwatsam a Disamban 2023, rangwamen harajin tarayya na dala 7,500 a Amurka kuma ya ƙare ranar 30 ga Satumban 2025. Garin neman gira a rasa ido shi ne mutum ya jira sababbin fitilu ya rasa tallafi.

Darajar sayarwa ta dogara da tsawon zaman motar a hannunka. Mai canza mota duk shekara biyu ko uku ya fi cutuwa da tsohuwar fuska, domin ranar da sabuwa ta fito tasa ta zama tsohon yayi. In haya ta dogon lokaci tana samuwa, ita ce ke ɗauke masa wannan haɗari, tunda kamfanin haya ne zai sha asarar. Mai riƙe mota shekara takwas ko goma, rangwamen yau ya fi masa amfani. A lokacin da zai sayar, lafiyar batir za a tambaya. Kuma babu lokacin da ya tsira daga sauyin farashi. A Janairun 2023, ba tare da wata kwaskwarima ba, Tesla ta sauke Model Y mai dogon zango a Amurka daga dala 65,990 zuwa 52,990 a dare ɗaya.

Idan ka zaɓi mai ƙarewa

Motar da ta yi kwantai a filin dila tana buƙatar bincike na daban. Duba takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba don ganin watan da aka ƙera ta. A motocin Arewacin Amurka, harafi na goma a lambar shaidar mota, wato VIN, shi ke nuna shekarar samfuri: R na 2024, S na 2025, T na 2026. A gefen taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT. 2324 na nufin mako na 23 na 2024. Tambayi a kashi nawa aka ajiye babban batirin, domin zaman watanni a cike taf cikin rana, ko a kusan sifili, yana tsufar da shi. Nemi rahoton lafiyar batir a rubuce. A gwada ƙaramin batir mai bolt 12, wanda shi ne ya fi mutuwa a motar da ta daɗe a ajiye, kuma in ya mutu motar ba ta tashi ko da babban yana cike. Leƙa faifan birki ko tsatsa ta ci shi. Sa lambar VIN a shafin kiranye na kamfanin ka tabbatar an yi duk gyaran da aka kira. Garantin batir yawanci shekara 8 ne ko kilomita 160,000, tare da alƙawarin kashi 70 na ƙarfinsa. Ka tabbatar daga ranar da aka miƙa maka zai fara ƙirga, domin in dila ya riga ya yi wa motar rajista da sunansa, agogon ya daɗe da fara tafiya.

Idan kuma jira ka zaɓa, kada ka yi cinikin biri a sama. Kafin ka ba da kafin alƙalami, a rubuta maka ko ana mayarwa, ko farashin da aka faɗa a kulle yake, da abin da zai faru in kayan da aka lissafa suka canza kafin miƙawa. Yi amfani da watannin wajen shirya cajar gida: layi ɗaya mai amfiya 32 a bolt 230 yana ba da kilowat 7.4, wanda zai cika batir mai 60 kWh cikin awa takwas zuwa tara, yayin da soket na gida mai amfiya 10 zai ɗauki fiye da kwana guda. Ranar karɓa, ka duba tazarar ƙofofi da rufin but da rana tsaka, ka saurari ƙarar iska a babbar hanya, sannan cikin makon farko ka sauke batirin zuwa kashi 10 ka kai ta caja mai sauri, ka riƙe agogo har ta kai 80. In mintunan sun yi nisa da abin da aka tallata alhali batirin yana da ɗumi kuma cajar lafiyarta ƙalau, ka koma wurin dila da hoton allon tun garantin yana ɗanye.